Kwatancen Gidan Ikilima a Jidda

Talata, 8 ga Fabrairu, 2022

Kasuwa ta ci, ban leƙa ba. Gwiwa. Na sake gwada lambar ƙanwata Ikilima, matar nan ta cikin waya ta sake gaya mini da Larabcinta mai sanyi cewa ba a samu. Tun da aka rufe layukan waya a jihar nan bara ban ji muryarta ba. Namu ya dawo, nata ya mutu. Rediyo kuma na cewa ana rushe tsoffin unguwannin Jidda, har da Karantina inda take. Matata Taibatu ta hana ni kunna rediyo in ina cin tuwo, wai ina barin mata kwano a cike.

Juma'a, 11 ga Fabrairu

Bello ɗan maƙwabcina, mai shagon atamfa, zai tafi Umara. Na tare shi bayan an sauko masallaci. Na ce zan ba shi saƙo kamar yadda nake ba duk wanda ya nufi gabas: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, da 'yar shinkafa daga gonar Bakura, don rabonta ne na gado nake nomawa. Bambancin bana, babu wayar da zai kira a zo a karɓa. Sai ya je da ƙafarsa. In ya same ta, ya ce mata ta tattara ta taho gida, ya isa haka.

Ya ce, "Baffa, to ina ne gidan?"

Na yi masa kwatance tiryan-tiryan. Ka tsaya bakin tashar jirgin ruwa, ka ba teku baya. Ka bi hanyar da jakunan ruwa ke bi. In ka ga masallaci mai koriyar ƙofa ka karya dama, ka tambayi gidan Inna mai masa, ko yaro ya sani. Ya saurara da ladabi, har da gyaɗa kai. Yaron kirki ne.

Lahadi, 20 ga Fabrairu

Bello ya tafi. Taibatu ta ƙara masa yaji a saƙon ba da sanina ba.

Talata, 22 ga Fabrairu

Zafi ya fara. Na wuni a zaure, hankalina yana can.

Ina ɗan saurayi muka shiga Jidda, ni da Baba da Inna, bayan mun daɗe a Sudan muna cirar auduga muna tara guzurin aikin Hajji. Da jirgin ruwa muka ƙetara, na yi amai har na ba kowa tausayi. Garin a lokacin, mai ƙafa zai zaga shi kafin azahar. Gidaje masu tsawo na dutsen teku, tagogin katako sun turo kai kan lungu kamar tsofaffi masu gulma. Dattawa suna nuna mana inda ganuwa take kafin a rushe ta, suna ta ƙorafi wai gari ya lalace, ya yi girma da yawa. Allah ya ji ƙansu, da sun ga abin da ya biyo baya.

Ga-ruwa na yi, garwa biyu a sanda, ina hawa benayen Larabawa har kafaɗata ta yi kanta. Can aka haifi Ikilima, a ɗakin kwano, rana ta gasa shi kamar tanda. Sai arzikin mai ya ɓarke. Jirage suka yi layi a teku ɗauke da siminti, babu wurin sauke su, har da jirgi mai saukar ungulu ake kwasa daga kansu. Na ajiye garwa na koma dakon siminti. Ka kwana akwai fili a gabanka, ka tashi ka ga an kafa ginshiƙi. Mu muka ɗauki garin nan a ka, buhu-buhu, ba mu taɓa kwana a ɗaki ɗaya daga cikin abin da muka gina ba.

Baba ya ce shi a Mafara zai mutu. Inna ta ce ita ta zo kusa da Makka, ba ta komawa baya. Na rako Baba, Ikilima ta tsaya da Inna tana juya mata masa. Aka ce na ɗan lokaci ne. Ga ni nan da jikoki.

Alhamis, 3 ga Maris

Bello ya kira, ya gama Umara ya shiga Jidda. Sai da muka gaisa sosai, ya tambayi gwiwa, na tambayi gajiyar ɗawafi, sannan ya ce:

"Baffa, na hwa tahi. Babu jaki ko ɗaya garin ga. Tekun ma ban iya kai gare shi ba, an kewaye da shinge. Direba ya yi ta yi min dariya."

Na ce masallacin fa?

"Baffa, wurin da sunka ce nan ne Karantina, hili ne. Tun daga inda nike har iyakar ganina, ɓaraguzai da motocin rusau. Bayansu benaye na gilashi. Ban ga wanda zan tambaya ba."

Na ce wataƙila bai ba teku baya daidai ba. Na san ba haka ba ne, amma na faɗa.

Juma'a, 4 ga Maris

Ban je masallacin Juma'a da ƙafa ba, an kai ni a babur. Taibatu ta ce, "Malam, ka aiki yaro garin da ya mutu tun kana da haƙora." Na sa an share ɗakin kusa da rumbu, an yi masa sabon daɓe. In an rushe mata can, ai dole ta nemi nan.

Litinin, 7 ga Maris

An same ta. Alhamdu lillahi.

Ba kwatancena ya kai shi ba. Wani direban tasi ne, Bahaushe haihuwar can, ya ji warin daddawa a jakar Bello ya tambaye shi ta wa ce. Ashe ya ci masarta yana yaro. Ya kai shi can bayan gari, wani dogon bene inda 'yarta Amira ke aure. Wayar Ikilima a ranar kwashe kaya ta ɓace.

Na gan ta a fuskar wayar Bello. Ta zama Inna sak, har yadda take dafe haɓa. Muka yi kuka kamar yara, Taibatu na leƙe ta bayana. Da muka natsu na ce, to Ikilima, an share miki ɗaki, ki biyo Bello.

Ta ce, "Yaya, in zo in yi me? Wa na sani?"

Na ce kin san ni.

"Na san ka, wallahi. Amma Inna nan take kwance a kabari. Mijina nan. Halas, magana ta ƙare, Yaya." Sai ta shiga ba ni labarin unguwa, yadda aka zo aka shafa jan fenti a bango alamar rusau, yadda maƙwabta suka watse ko sallama babu, wasu an mayar da su ƙasashen da ba su taɓa gani ba. Kukan da ta yi wa lungun nan mai kwata ya fi wanda ta yi mini. Tankin da take ɗiban ruwa ma sai da ta ambace shi da suna.

Ta gode da daddawa. Ta ce yajin ya yi.

Laraba, 9 ga Maris

Ban rubuta komai ba jiya. Yau ma babu.

Asabar, 19 ga Maris

Bello ya dawo, ya kawo dabino da zamzam da sabuwar lambarta. Ya ce ɗakinta na sama ƙwarai, daga taga ana hango fitilun gari har ba a ganin ƙarshensu, amma ita kullum labule a sake. Na sa masa albarka. Ya ce in Allah ya sake kai shi zai iya gane gidan, wayarsa ta riƙe hanya. Na ce madalla da wayarsa.

Juma'a, 25 ga Maris

Na kira ta bayan la'asar. Mun daɗe. Tana tsoron akwatin nan mai hawa da mutane sama, sai Amira ta riƙe mata hannu. Ta fara soya masa a kicin tana aika wa tsofaffin maƙwabta da aka gano inda suka koma. Ta tambayi ko an fara yankan shinkafar rani a Bakura, na ce da saura. Muka yi gardama a kan ko Baba ko Inna ne ya fi faɗa, ta ci ni.

Sai da na ajiye wayar na lura ban ce mata ta taho ba. Mantuwa ce, tsufa. Taibatu ta tambaya ko za ta iya shanya albasa a ɗakin kusa da rumbu, tunda daɓen ya bushe. Na ce ta shanya, amma kar ta cika shi.