Rake da Ganyensa

Ikara, Talata

Zuwa ga ƙawata Zulaihatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jego, yaya jaririya da mutanen Kudan? Allah ya raya mana.

Tafiyar Kaduna ta tabbata, Asabar ta sama. Gida uku ne: mu, da maigidanki Ashafa da yara, da iyalin Tanko na Gubuchi, shi zai kwashe mu a a-kori-kurarsa. An ce a filin wasan yara na can akwai wani lilon ƙarfe mai kama da ƙafar keke, ya fi rimi tsawo. Cikinmu ba wanda ya taɓa gani, har maigidana Elias da ke cika bakin ya san birni. Tun da albashin malamai ya zama sai an ga dama, yaran nan ba su ga abin dariya ba, shi ya sa ya yi wa 'yarmu Lucia alkawari. Kin san shi da alkawari.

Na ɗinka mana anko kore, manya da yara, kada wani ya ɓace a cikin taro. Ke zauna ki sha kunun kanwa, a kawo miki labari.

Taki,
Angelina

Kudan, Juma'a

Maman Lucia,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Malam da yara. Mu lafiya lau, alhamdu lillahi.

Gaskiya hankalina bai kwanta ba. Maigidana, Baban Bilki, ya jiyo a tasha cewa sojoji sun kafa shinge a hanya tun da ɗalibai suka yi zanga-zanga. Ba ki manta ba, lokacin yajin aikin malamai an tsare Malam Elias, da gargaɗi aka sako shi. Da zai ji tawa, da ya zauna a gida. Na san ba zai ji ba.

In tafiyar ta zama dole, kada ku sauka gidan yayarsa Bernice hannu rabbana. Ki ce wa Tanko ya saro rake, ya bar shi da ganyensa yadda ake kai wa manya, don ta san daga gona yake.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Zulaihatu

Kaduna, Litinin

Zulaihatu,

Ina gaisuwa. Yaranki lafiya, ga su nan Tanko ya kawo miki. Ashafa ya ce in sanar da ke ba zai dawo yanzu ba.

Mota ta cika, ba wurin kwantar da rake, sai Tanko ya ɗaure shi a tsaye gefe da gefe, ganye na kaɗawa. Yara suna ta waƙa. Mun wuce Zariya kaɗan aka tare mu. Ashe ɗanyen ganye ɗalibai ke ɗagawa in suna zanga-zanga. Mu ina muka sani? Ga mu kuma kaya iri ɗaya. Sojan ya tambaya ko wace ƙungiya ce mu.

Ashafa ya karya rake ya nuna musu, har wani ya karɓa yana sha yana dariya. Na ɗauka mun tsira. Sai babbansu ya zo ya ce, "Wane ne shugaban tafiyar?"

Malami ai malami ne. Elias, da tun safe yake ƙirga kawunan yara, ya ɗaga hannu ya faɗi sunansa da makarantarsa. Mutumin ya maimaita sunan a hankali, ya ce ya sauko, 'yan tambayoyi ne kawai.

Da zai sauka ya ce mini, "Ki kai Lucia lilon. Zan same ku a ƙofa."

Na kai ta. Mun hau. Da muka kai can sama Lucia ta ce ana ganin ko'ina, ta yi ta leƙen titi har muka sauko. Mun tsaya a ƙofa har aka rufe.

Ashafa ya zaga duk inda ake tsare mutane, kowa ya ce ba a kawo shi nan ba. Tsoro nake ji, Zulaihatu. Ki sa mu a addu'a.

Angelina

Ikara, Alhamis

Ƙawata,

Ina gaishe ki da jaririya. Na ji an ce ba kya cin abinci saboda maganar raken. Ki bari, shayarwa kike, kuma ba ke kika ɗauke Elias ba.

Jiya da hantsi wani mai babur ya ajiye ƙunshi a ƙofarmu, bai ko yi sallama ba. Rigar ankon Elias ce, an wanke, an goge, an ninke. Lucia na ta murna, wai Baba ya aiko da wanki, yana hanya.

Ke a ganinki, me ya sa suka wanke ta? Me ke jikinta da ba sa so in gani?

Ki gaida Ashafa, Allah ya saka masa.

Angelina