Ragar Lilon Baffa

Shamsiyya,

Na wuce Tiga, injin ban ruwa ya tsaya. Sai bayan la'asar zan dawo.

Jiya bayan kin tafi garin Ƙofa, iskar hadari ta taso Baffa yana kwance a ragar lilonsa. Reshen mangwaron da na ɗaura igiyar ya karye, Baffa ya faɗo. Da sauƙi, gwiwar hannu ce ta ƙuje, Inna ta wanke masa. Laifina ne, tun wancan satin na ga reshen ya bushe.

Da safen nan na canza igiya. Gefe ɗaya na ɗaure a jikin mangwaron, ɗayan a darbejiya, na kuma sauko da ragar daidai gwiwa. Na hau na gwada, ta ɗauke ni.

Duk da haka, da kin ga gabas ta yi baƙi, ki kwance ragar ki kai ɗaki. Baffa zai ce miki shekara arba'in ya yi yana kamun kifi a dam, iska ba ta taɓa kifar da shi ba. Ki ce, "Haka ne, Baffa." Sannan ki kwance.

Mujitaba