Kun Ƙona Kongolam a Waya, 'Yata Ta Kasa Zuwa Goyon Ciki

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya yi tallar wasan yaƙi na waya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, Ranka ya daɗe, sunana Malama Barira, malamar firamare mai ritaya a garin Daura. Ban san sunanka ba, kuma ba zan ambaci sunan wasanku ba, don kada in yi muku talla kyauta. Na rubuto ne a fili saboda a fili kuka yi mini ɓarna.

Na farko, bari in faɗa maka abin da na gani. Ranar wata Laraba da hantsi maƙwabciyata ta shigo gidana ko sallama babu, ta miƙo mini waya. Ga motocin yaƙi suna kwararowa daga arewa, ga wata ƙofar iyaka an rubuta mata Kongolam tana ci da wuta, ga kasuwar dabbobi ta watse, raguna na gudu, mata na kururuwa. A bisa wannan duka, wata murya tana magana da Hausa tsantsa, a natse, irin ta masu karanta labaran rana a rediyo, tana cewa abokan gaba sun shigo, kowa ya tashi ya kare ƙasarsa. Ni da na yi shekaru ina koyar da yara bambanta gaskiya da tatsuniya, wallahi sai da na ɗauka gaskiya ne. Sai daga baya aka nuna mini cikakkiyar tallar, inda a can ƙarshe kuka liƙa wani ɗan mitsitsin rubutu da Turanci wai wasa ne, a sauke a buga. Wanda ya yaɗa ta a garinmu ya yanke wannan wutsiyar. Ko da bai yanke ba ma, mutum nawa za su karanta?

Na biyu, kuma shi ne ciwona. Ina da 'ya mai suna Rakiya, tana aure a Matamaye, can tsallaken iyaka, cikin Nijar. Cikinta na fari ya shiga wata tara. Wataƙila a inda kake ba a san goyon ciki ba, to bari in koya maka, aikina ne. Mace idan za ta yi haihuwar fari, gidan iyayenta take komawa. Uwarta ce za ta tsaya a kanta, ta dafa mata ruwan wanka safe da yamma har kwana arba'in, ta dama mata kunun kanwa, ta nuna mata yadda ake riƙe jariri. Haka uwata ta yi mini, haka aka yi wa uwata. Tun da damina ta ɗauke nake tara itace. Na share ɗaki, na sa an gyara babbar tukunya, na ajiye gero da kanwa. An tsayar da rana, ranar kasuwar Mai'adua mijinta zai kawo ta.

Sai tallarku ta riga shi isa. Surukin Rakiya, Alhaji Mamman, dattijo ne mai mutunci, ba mu taɓa samun saɓani ba. An nuna masa Kongolam, inda za su bi su shigo, tana ci da wuta, ya ce babu mai fita masa da mace mai tsohon ciki ta bi wannan hanya. Ɗansa ya yi masa bayani, ni ma na kira shi har sau uku na rantse masa cewa lafiya lau muke, jiya ma an ci kasuwa. Ya ce ya yarda ba na ƙarya, amma gani ya kori ji, kuma muryar da ya ji ba ta yi kama da ta mai wasa ba. Ya ce sai waɗanda suka faɗi maganar sun janye ta da bakinsu. Ba na ganin laifinsa. Mutumin da ya ga an rufe iyakar nan, ya yi watanni bai ga danginsa na Daura ba, ba za ka ce masa yaƙi abin wasa ne ba.

Na uku. Na ji an ce kun kare kanku da cewa ƙasar da ta kawo harin ƙirƙirarriya ce, babu ita a taswira. Madalla. To me ya hana ku ƙirƙiri garin da za ta ƙona? Ku da kuka iya ƙera jirgin yaƙi daga babu, sunan gari ɗaya ne ya gagare ku? Kuma maharan naku, da rawunansu da hanyar da suka ɓullo, kowa a nan ya san su wa suka yi kama da su. Surukaina ne. Baffannin jikan da nake jira ne. Ku a wurinku iyaka layi ce da ake zanawa don a harbi wanda ya tsallako. Mu a nan, hanyar zuwa suna da ta'aziyya ce.

Saboda haka ga abin da nake nema, ba roƙo nake ba. Ku janye tallar nan. Ku cire sunan Kongolam daga wasanku. Sannan ku nemo mutumin nan mai muryar labarai, shi ɗin dai, ya faɗa da Hausa cewa babu yaƙi, ƙarya aka shirya don a sayar da wasa. A saka a rediyo, a kuma yi shi yadda za a iya turawa ta waya zuwa ga Alhaji Mamman. Kada ku aiko mini da takardar ban haƙuri da Turanci, ba ni ce na hana Rakiya tahowa ba. Kuma ku hanzarta, ciki ba ya jiran taron kamfani.

Idan kun ƙi, kada ka ɗauka zan zauna ina kuka kusa da itacena. Zumunta a ƙafa take. Ranar Lahadi mai zuwa zan ɗaure gero da kanwa a bayan babur, in bi ta ƙofar nan da kuka ƙona, da rana tsaka, da ciwon gwiwata, in je in dafa wa 'yata ruwa a gidan surukanta. Abin kunya ne a wurinmu uwa ta tare a gidan mijin 'yarta, zan kuwa shanye kunyar. Amma ka sani jikana na fari ya kamata ya yi kukansa na farko a ɗakin da aka haifi uwarsa, ku kuka hana.

Allah ya shirye ka, ya ba ka arzikin da ba sai ka firgita tsofaffi ba. Allah ya sa ranar da 'yarka za ta haihu kana kusa, kuma hanya a buɗe take.

Wassalam.

Malama Barira,
Daura.