Ramin Ruwa na Kudenda

Sabon Tasha, Kaduna
4 ga Nuwamba, 1986

Yaya Rhoda,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Legas? Mama tana lafiya.

Na sayi tsohuwar kyamara mai shiga ruwa hannun wani Bature da ya bar aikin masaƙa a Kakuri, amma gilashin gabanta ya tsage. Don Allah ki nemo mini wani, mai ɗaukar wuri da faɗi.

Ƙanenki,
Yohanna

*

Yohanna,

Na gode Allah da kuna lafiya. Na je shago. Mai shagon ya nuna mini iri biyu, ya ce sai ya san girman abin da za a ɗauka, da ko ruwan garau ne.

Ni ma tambayata ke nan. Kai da hoton biki ne sana'arka, me ka ajiye a ƙarƙashin ruwa? Tun da Monday ya ɓata ba ka ambaci sunansa a wasiƙa ba, ƙanenka guda. Ba zan sayi komai ba sai ka faɗa mini gaskiya.

Rhoda

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri. Ruwan gurɓatacce ne, dole in matsa dab da abin, kuma ina so ya fito gaba ɗaya. Girmansa ya kai mota.

George, mai tasin da Monday yake ja, har yanzu yana yawo yana cewa yaron ya gudu masa da mota. Mama ta daina zuwa coci don kunya. To, wani masunci ya ce ƙugiyarsa tana yawan maƙalewa a ƙarfe cikin tsohon ramin fasa dutse bayan Kudenda. Na je wurin 'yan sanda, suka ce in kawo shaida.

Yohanna

*

Ƙanena,

Na zaɓi wanda ya fi faɗi, direban motar dare zai kawo maka. Kada ka shiga kai kaɗai, a ɗaura maka igiya. Kada George ya ji.

Allah ya tsare.
Rhoda

*

Yaya,

Motar tana ciki, lambarta ta fito sarai. Ƙofar direba a buɗe, babu kowa.

Ban faɗa wa kowa ba, ko masuncin da ya riƙe igiyar bai san abin da na gani ba. Amma yau da safe George ya zo shagona yana murmushi, wai yana so ya ga hotunan. Ta yaya ya san akwai abin ɗauka a ramin?

Ban nuna masa ba, na ɓoye su wurin Fastonmu. Ki zo gida.

Yohanna