Mama Ta Kwaɓa Burodin Masara

Yaya Amândio,

Na wuce, kar motar zuwa garin Viseu ta bar ni. Da sassafe na tarar da Mama a kicin tana kwaɓa broa, burodin masarar nan namu, ita da rabonta da garin masara tun kafin ciwon mantuwar nan ya kama ta. Ta zana gicciye a kan kwaɓin, ta ce, "Graciete, 'yar nan, miƙo min ganyen kabeji mu shimfiɗa a tanda." Da sunana ta kira ni, Yaya! Wata nawa ba ta gane ni ba?

Gishiri ne dai ta manta. Burodin yana kan tebur, na rufe da ƙyalle. Ta koma barci. Don Allah in ta tashi ka ci a gabanta, ka nemi ƙari.

Ƙanwarka,
Graciete