Furfura a Ɗakin Konsai

Banifandou, Yamai, 3 ga Maris

Ƙanwata Iklima,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da mutanen Tawa kuna lafiya. Takarda na rubuto miki, don wayar salula ba ta jiran mutum ya gama tunani.

Kin tambayi aikin da aka ba ni. Kamfanin Shinkafar Bakin Kogi ne ya sa ni cikin majalisar da ke yanke masa shawara, konsai in ji su. Mu tara ne. Wata uku-uku muke zama a wani ɗaki mai sanyi, kowa da kwalbar ruwa da katin sunansa a gabansa, ko don kada ya manta. Ina jin furfurata suka ɗauka aiki, ni rakiya na yi mata. Tun rasuwar uwargida Rahama dai, zaman can da zaman gida duk ɗaya ne a wurina.

Ki gaida yara. Na bar ki lafiya.

Yayanki, Yakuba


Tawa, 11 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ka, ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Rahama.

Ba zan ja ba. Ɗana Nasiru, wanda kai ma ɗanka ne, ya kira ni jiya, murya duk ta dushe. Wai ranar Alhamis konsai ɗin nan naku zai yanke ko a rufe injin casar shinkafa na Saga. Shekara sha ɗaya yana kan injin nan, Yaya. Su arba'in ne, ga manoman da ke kai musu shinkafa. Ya ce kunya ta hana shi zuwa wurin kawunsa. Ni ba ta hana ni ba.

Kai ne babba a ɗakin. Ka buɗe baki, don Allah, ba furfura kaɗai za ka kai musu ba.

Ka huta lafiya.

Iklima


Banifandou, 16 ga Maris

Iklima,

Bayan gaisuwa, takardarki ta same ni a kan lokaci. Ga yadda aka yi, ba ragi.

Na shirya maganata tsaf, har na gwada ta a mota. Shugabar konsai, Madam Halimatou, sa'ar 'yar cikina ce. Ta kawo batun Saga, mutum huɗu suka yi magana, ita ce ta farko, duk suka ce a rufe. Saura huɗu suka yi shiru. Ni kuwa na jira su.

Kin san yadda aka raine mu. A zauren Baba, yara ke fara faɗin nasu, sai an gama kaf a waiwayo a ce, "To Malam, me ka gani?" Shi kuma ya gyara hula, ya yi gyaran murya, sannan ya yanke. Shekara saba'in ban taɓa shiga gaban na ƙasa da ni a magana ba.

Sai Madam ta ce, "Akwai mai ja?" Ta dubi agogo. Ina cikin cire tabarau, kamar yadda Baba ke gyara hula, na ji ta ce, "An amince, baki ɗaya. Batu na gaba."

Da aka tashi na same ta. Har ta rusuna. Ta ce, "Ayya Baba, ai da ka ɗaga hannu. A nan shiru amincewa ne." Na ce a sake. Ta ce an riga an rubuta, kuma injin yana da mai saye.

A bakin ƙofa Amadou, ɗaya daga cikin masu shirun, ya kama hannuna. Ya ce, "Alhaji, mu huɗu kai muke jira. Ya za mu yi magana babba bai buɗe ba?" Da mun zama biyar, Iklima. Su huɗu.

Daga nan aka kawo tsire. Na ci tsinke biyu. Ina faɗa miki ne don kada ki zaci na yi wani abin kirki bayan haka. Na nemi baƙin ciki a raina ban samu ba, wurin fayau yake, kamar ɗakin Rahama.

Jiya na sa aka bi da ni ta Saga. Shinkafa ta yi kore shar har bakin kogi. Na hango Nasiru a ƙofar injin, an liƙa takardar rufewa a bango, sunana na uku cikin waɗanda suka amince. Ban sauka ba.

Ki gaishe shi, idan zai karɓa.

Yayanki, Yakuba


Tawa, 2 ga Afrilu

Yaya,

Muna lafiya. Nasiru ya iso shekaranjiya da matarsa da yara, na share musu ɗakin baya.

Na isar masa da gaisuwarka. Na ce, "In ce kana amsawa?" Ya yi shiru.

Tunda a wurinku shiru amincewa ne, to yana amsawa.

Allah Ya bar zumunci.

Ƙanwarka, Iklima