Ɗigon Da Ban Gani Ba

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Saura kwana tara yara su yi jarrabawar kemistiri ta ɗakin gwaji. Su arba'in da uku. Ƙa'idar dai tana nan: lambar da malami ya samu a nasa gwajin ita ake aika wa masu maki, da ita ake auna ta kowane yaro. In tawa ta karkace, su za su sha wuya.

Shekara ashirin da shida ina wannan aiki a Yelwa. Asid a cikin buret, dogon bututun gilashin nan mai awo, ruwan soda a kwalba, ɗigo biyu na ruwan alama. Kana sakin asid kana kaɗa kwalba har ruwan ɗorawa ya juya ruwan goro. Nan za ka tsaya cak, ka karanta. Me zai ba ni tsoro?

Laraba, 8 ga Mayu

Mun gwada da Rahila, sabuwar malamar da aka turo mana. Ni na koya mata riƙon buret tana aji huɗu. Na samu 25.40 sau uku. Ita 24.60, sau uku. Na ce gaggawa ta yi mata yawa. Ta ce, "To, Baba Malam."

Wannan "to" ɗin ya tsaya mini a rai.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na wanke buret. Na matsa bakin taga, na sa farar takarda ƙarƙashin kwalba. 25.30. Ƙila ruwan alamar ne ya tsufa.

Asabar, 11 ga Mayu

A kasuwar kifi na gaida Philip, tsohon ɗalibina, da sunan ƙanensa. Rana ce ta yi yawa.

Litinin, 13 ga Mayu

Na ce Rahila ta tsaya kusa da ni ta ga yadda ake yi. Ina ɗigawa, sai na ji ta a hankali: "Baba Malam, ya juya."

Ni ruwan ɗorawa nake gani. Na ci gaba. Sai da na ƙirga ɗigo goma sha biyar kafin idona ya ga abin da ta gani tun ɗazu.

Inna lillahi. Yaran bara fa? Tara suka faɗi. Ni na tara iyayensu, da bakina na ce wasa ya yi musu yawa. Ɗaya ma babansa ya cire shi, yanzu yana jan taru a Wara.

Ban iya cin tuwo ba.

Talata, 14 ga Mayu

Ba ta faɗa wa shugaban makaranta ba. Da ta faɗa, da na samu wanda zan yi fushi da shi.

Laraba, 15 ga Mayu

An yi jarrabawa. Da aka zo gwajin malami na ce yatsana na ciwo, ta yi. Ba ta dube ni ba, Allah ya saka mata. Ta karanta, na rubuta lambarta, na sa hannu.

Da aka tashi na bi ta tasha. Na tambayi Ɗangana direba ranar da likitan ido ke zama a Birnin Kebbi. Ya ce wa za a kai?

Na ce wani dattijo ne, maƙwabcina. Ya ajiye masa kujerar gaba.